Kada A Sayar Wa 'Yan Gwangwan Dukiyar Miliyoyi Saboda Faifai Guda

Kowace sana'a da mudunta. Mai hatsi a kasuwar Muda Lawal ba ya buɗe buhu sai mudu na gefensa, haka kuma mahauci ba ya rabuwa da sikeli. To, shi ma mai aikin lantarki da sadarwa yana da nasa ma'aunan, waɗanda in babu su, ayyukansa duk sun koma lalube cikin duhu. Akwai mita mai auna ƙarfin wuta, akwai osiloskof mai zana yadda wuta ke hawa da sauka a kan gilashi, akwai mai tantance zangon da tashar rediyo ke watsa shirye-shirye a kansa, da kuma mai bin diddigin saƙonnin da ke yawo a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori da aka shigo da su ƙasar nan shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, yanzu suna jibge a ɗakunan ajiya an rufa musu leda, an rubuta a littafin kaya cewa sun mutu. Ra'ayinmu shi ne, ba a kyauta ba da ake yanke musu wannan hukunci tun ba a bincika ba, domin sau da yawa abin da ya hana na'urar tashi bai wuce faifan fulofi guda da ya ruɓe, ko ɗan batir da bai kai girman goro ba.

Birnin Bauchi na cikin wuraren da wannan magana ta fi shafa a Arewa. Tun bayan da aka ƙirƙiro jihar a 1976, gwamnatin tarayya ta ɗauki birnin a matsayin cibiyar koyar da fasaha. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji a 1979. A 1980 aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda ta koma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka kafa kamfanin Steyr mai harhaɗa taraktoci da manyan motoci. Ga gidajen rediyo da talabijin, ga ofisoshin wayar tarho waɗanda suka koma ƙarƙashin NITEL a 1985, ga asibitoci. Duk inda ake koyar da aikin injiniyan lantarki, ko ake kula da na'urar watsa shirye-shirye, ko layin waya, dole a sami kayan awo, kuma mafi ingancinsu a wancan zamani na kamfanonin Hewlett-Packard da Tektronix ne na Amurka da takwarorinsu na Jamus da Japan.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fara lura da shi shi ne lissafin kuɗin. Kafin a buɗe kasuwar musayar kuɗaɗen waje a watan Satumba na 1986, cikin shirin nan na gyara tattalin arziki da aka fi sani da SAP, Naira ɗaya kusan kai ɗaya take da Dalar Amurka. A tsakiyar shekarun 1990 farashin gwamnati ya tsaya a kan kimanin Naira 22. Bayan da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, sai ga Dala ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Ma'anar wannan ita ce, na'urar da aka saya da dubban Daloli lokacin da Naira ke da ƙarfi, in za a maye gurbinta da mai daraja irin tata, sai an tanadi miliyoyi masu yawa. Shi kuwa ɗan gwangwan da za a kira ya kwashe ta, a kan sikeli zai ɗora ta ya biya kuɗin ƙarfe da jan waya. Tsakanin waɗannan farashi biyu akwai dukiyar da ta cancanci a tsaya a ɓata yini guda ana bincike.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ake nufi in an ce na'ura ta ƙi tashi. Kayan awo na shekarun 1980 da 1990 kwamfutoci ne a ɓoye. Idan aka kunna ɗaya daga cikinsu, sai ta fara duba kanta, ta tabbatar wutar da ke shiga sassanta daidai take, ta gwada ƙwaƙwalwarta, sa'an nan ta nemi manhajar da za ta yi aiki da ita. Wasu suna ɗauke da manhajar a cikin ƙwayar da ba ta gogewa. Wasu kuwa, alal misali HP 16500A da ta fito a ƙarshen shekarun 1980, ba su da babban faifai a ciki, saboda haka duk ranar da aka kunna su, daga fulofi suke karanto manhajar. In faifan nan ya ɓata ko ya lalace, na'urar za ta tsaya cik tana nuna saƙon kuskure, alhali duk sauran sassanta lafiya lau suke. Kamar mota ce sabuwa fil da makullinta ya faɗa rijiya.

Shi kuma faifan fulofi ba abu ne mai tsawon rai ba. Ɗan falle ne na roba mai laushi da aka shafa wa garin ƙarfe mai ɗaukar maganaɗisu, aka sa shi cikin kwanso. Kamfanin IBM ne ya fito da na farko mai faɗin inci 8 a 1971, sai mai inci 5 da kwata ya biyo baya a 1976, daga nan kamfanin Sony ya kawo mai inci 3 da rabi a farkon shekarun 1980. Wanda aka fi sani a ofisoshinmu shi ne mai ɗaukar megabait 1.44, wato abin da bai isa ya riƙe hoto guda na wayar hannu ta yau ba. Kan da ke karanta faifan yana gogar fuskarsa ne kai tsaye yayin da yake juyawa sau 300 a minti. Duk wanda ya san ƙurar hunturu a Bauchi, da zafin watan Maris da Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, da danshin watan Agusta da ke sa fumfuna ta fito a jikin takalmi, ya san abin da shekaru talatin za su yi wa irin wannan abu. Ƙura tana karce shi, zafi yana lanƙwasa shi, fumfuna tana cin fuskarsa, ajiye shi kusa da lasifika kuma yana iya goge abin da ke ciki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne garaje. Mai gyara ya sa faifai ya ƙi karantuwa, sai ya cire ya sa na biyu, ya sa na uku, bai san cewa dattin da na farko ya bari a kan makarancin yana karce duk wanda ya biyo baya ba. Cikin rabin sa'a sai a hallaka faifan asali da na ajiya baki ɗaya. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce a fara daga wuta. A duba fiyus, a auna abin da sashen wuta ke fitarwa, domin ƙwaƙwalwar da ke buƙatar bolt 5 in ta sami ƙasa da haka za ta yi ta nuna kura-kurai iri-iri da ba su da alaƙa da ainihin cutar. A duba kafasitoci, waɗanda masu gyaran rediyo ke kira kondensa, domin na wancan zamani sun shahara da tsiyayar da ruwan da ke cinye layukan allo, kamar yadda aka sani game da osiloskof ɗin Tektronix 2465B. Wutar da muke samu tun zamanin NEPA, da PHCN daga 2005, har zuwa kamfanin rarraba wuta na Jos da ya karɓi shiyyar Bauchi a 2013, haɗe da hawa da saukar wutar janareta, sashen wuta take fara bugu, don haka bai kamata a gwada tsohuwar na'ura ba sai an haɗa ta da sitabilaiza mai kyau.

In wuta ta daidaita, sai a koma kan injin da ke juya faifan. Giris ɗin da aka shafa masa a masana'anta yakan daskare ya zama kamar ƙaro, ya hana kan makarancin tafiya. Waɗanda ke aiki da bel, robar takan saki ko ta narke. Ana goge kan da auduga da sifirit mai tsabta, a cire tsohon giris a sa sabo, sa'an nan a gwada da faifan da ba a damu da shi ba. Sai an tabbatar injin ba ya karce faifai kafin a kusanto da na asali, shi ma bayan an buɗe ɗan makullin da ke kusurwarsa wanda ke hana rubutu a kansa.

A nan ne wani abin da ke ruɗa mutane yake. Mutum zai ɗauki faifan na'urar ya sa a kwamfuta, sai kwamfutar ta ce masa babu kome a ciki, ta tambaye shi ko yana so a share shi a sake tsara shi. Wanda ya amsa da i, ya gama da manhajar har abada. Dalili kuwa shi ne, kamfanin Hewlett-Packard yana da nasa tsarin rubutu a faifai da ake kira LIF, wanda kwamfutar ofis ba ta ganewa, kuma ƙananan makarantan fulofi masu shiga ta kafar USB da ake sayarwa a kasuwa ba su san wani tsari ba sai na kwamfutar ofis. Haka nan akwai bambanci tsakanin faifai mai ɗaukar kilobait 720 da mai megabait 1.44. Kamarsu ɗaya a ido, sai dai na biyun yana da ƙarin rami a kusurwa, kuma maganaɗisun fuskarsu ya bambanta. Tsohuwar na'urar da aka ƙera don na farkon, in aka ba ta na biyun, tana iya rubutawa yau, bayan 'yan makonni rubutun ya ƙi karantuwa.

Batun batir ya fi na faifai haɗari, domin shi ɓarnarsa a shiru take faruwa. Ma'auni mai inganci yana ɗauke da wasu lambobi da aka saita masa a masana'anta ko a ɗakin daidaita awo, waɗanda da su ne yake sanin cewa bolt ɗaya bolt ɗaya ne. A cikin mita irin HP 3478A, waɗannan lambobi suna zaune ne a ƙwaƙwalwar da ɗan batir ke riƙe da ita. A cikin 2465B kuwa, suna cikin ƙwayar kamfanin Dallas ne wadda aka binne batir a cikinta, kuma alkawarin da masu ƙera ta suka yi shekara goma ne. Yau waɗannan ƙwayoyi sun ninka wa'adinsu sau uku. Wanda ya zo da kyakkyawar niyya ya cire tsohon batir ba tare da ya fara haɗa wani a gefe ba, ko ya fara kwafe lambobin, cikin ƙiftawar ido ya mai da ma'aunin mudun da ba a san girmansa ba. Na'urar za ta kunnu, za ta nuna lambobi, amma ba mai iya rantsuwa a kansu.

Abin farin ciki shi ne maganin duk wannan ya samu, kuma ba shi da tsada. Akwai ɗan allo mai suna Greaseweazle da ke karanto maganaɗisun faifai kamar yadda yake, ko da wane irin tsari aka rubuta shi, ya ajiye kwafinsa a kwamfuta. Akwai kuma na'urar Gotek wadda ake sa wa a gurbin injin fulofi, tana karanta filashi, ita kuwa tsohuwar na'ura tana zaton faifai ne ke juyawa. Da manhajar FlashFloppy ko HxC ana iya koya mata tsare-tsare da dama da ba na kwamfutar ofis ba. Ba kowace na'ura ce ke karɓarta da an haɗa ba, domin wasu sai an gyara yadda wayoyin ke shiga, amma aikin bai fi ƙarfin ɗalibin da ya gama difloma a fannin lantarki ba. Bugu da ƙari, littattafan gyara na yawancin waɗannan kayayyaki suna nan a intanet, duk da cewa sashen kayan awo na Hewlett-Packard ya koma Agilent a 1999, daga baya kuma ya zama Keysight a 2014.

Kada wani ya ɗauka cewa riƙe tsohon kaya alamar talauci ce ta ƙasashe irin namu. Kamfanin Sony ya daina yin fulofi a watan Maris na 2011, amma rundunar sojan saman Amurka ba ta raba tsarin aika umarnin makamanta na nukiliya da faifai mai inci 8 ba sai a 2019. Gwamnatin Japan sai a 2024 ta sanar da soke dokoki sama da 1,000 da ke tilasta miƙa takardu a fulofi. A birnin San Francisco, tsarin kula da jiragen ƙasa da aka kafa a 1998 yana ɗaukar manhajarsa daga faifai mai inci 5 da kwata, kuma a 2024 ne hukumar sufurin birnin ta amince da kwangilar Dala miliyan 212 da kamfanin Hitachi don sauya shi. Waɗannan mutane ba kuɗi suka rasa ba. Sun lissafa ne suka ga cewa abin da ke aiki, in an kula da shi, ya fi arha a kan sauyi na gaggawa. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai masu ganin cewa wannan duk ɓata lokaci ne, tun da kamfanonin Sin irin su Rigol da Siglent suna yin osiloskof mai arha, mara nauyi, mai cin wuta kaɗan, wanda ya fi na da sauri a wasu ayyukan. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Don koyar da ɗaliban shekarar farko, ko don shagon gyaran waya a Wunti, sabon ƙaramin ma'auni ya wadatar, kuma ɗalibi na da haƙƙin ya taɓa irin kayan da zai tarar a wurin aiki. Haka kuma na'urar da gilashinta ya mutu, ko wata ƙwaya ta musamman da ba a ƙara yin irinta ta ƙone, ba hikima ba ne a yi ta zuba mata kuɗi. Sai dai arhar nan a ƙananan kaya ta tsaya. Ma'aunan zangon rediyo da na sadarwa masu kai wa can sama har yanzu tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin sassan makarantunmu, kuma su ne ake jibgewa saboda ƙananan dalilai. Abin da muke kira a kai shi ne a tantance kafin a zubar, a san wadda ta mutu da wadda ta suma.

Dole kuma a faɗi gaskiya game da dalilin da ya sa gyara ba shi da farin jini a ma'aikatun gwamnati a faɗin ƙasar nan. Sayen sabon kaya kwangila ce, da talla a jarida, da bikin ƙaddamarwa. Gyara kuwa ɗan kuɗi ne kaɗan da sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya yi ta rubuta takarda yana jira, kuma ranar da na'urar ta tashi ba wanda zai yanke ƙyalle. Ga shi kuma tsofaffin ma'aikatan da aka horar a kan waɗannan kayayyaki suna ta yin ritaya, kowa ya tafi da abin da ke kansa, wani lokaci ma shi kaɗai ya san akwatin da faifan yake. Asusun Harajin Ilimi da aka kafa a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, da kuɗin kamfanoni ake cika shi. Saboda haka 'yan kasuwa na da bakin tambayar nawa ake warewa don kula da abin da aka riga aka saya.

Shawararmu ga shugabannin makarantu, asibitoci, gidajen watsa labarai da masana'antu a Bauchi ita ce, kowa ya sa a ƙirga na'urorin da ke hannunsa masu dogara da fulofi ko batir na ciki, a rubuta sunan kowace da lambarta. A kwafe duk faifan da ya rage tun yana karantuwa, a ajiye kwafin a wurare biyu daban-daban, ɗaya a hannun ma'aji kamar yadda ake ajiye takardar fili. A kwafe lambobin saiti kafin a taɓa batir. Kada a sa wata na'urar awo cikin kayan gwanjo sai injiniya ya sa hannu cewa ya bi waɗannan matakai, domin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanadi ƙa'idar zubar da kadarorin jama'a, ba ta bar abin a hannun mai tsaron sito ba. In an farfaɗo da na'ura kuma, a kai ta a daidaita awonta da ma'aunin da aka amince da shi, aikin da ya shafi Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON. Ma'aunin da ya tashi amma yana ƙarya ya fi wanda ke kwance illa, tun da da shi za a saita na'urar asibiti ko ta watsa shirye-shirye.

Ga matasa masu neman sana'a kuwa, ƙofa ce a buɗe da ba cunkoso. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, masu gyaran waya suka cika kowace kwana, ribar kuma ta ragu. Amma mai iya farfaɗo da na'urar da ke tashi daga fulofi, sai an tona kafin a same shi, alhali masu buƙatarsa ba a ɗakunan gwaji kaɗai suke ba. Tsofaffin kekunan aikin wuya na kwamfuta irin su Tajima da Barudan da ake shigowa da su na hannu, da fulofi ake ba su zane. Fiyanon Yamaha na shekarun 1990 da mawaƙa suka yi amfani da su, da injinan yanka ƙarfe masu bin umarnin kwamfuta, da yawansu haka suke. Jarin da ake buƙata bai wuce kwamfuta ɗaya, da injin fulofi mai lafiya, da 'yan allunan da aka ambata, da haƙurin karanta littafin gyara ba. Hukumar ITF da aka kafa a 1971, mai hedkwata a Jos, tana iya haɗa kai da kwalejojin Bauchi a shirya ɗan gajeren horo, a gayyato tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya su koyar tun suna da ƙarfi.

Lokaci ba ya jira a wannan al'amari. Ba a ƙara yin sabon fulofi, waɗanda suka rage kuma kowace damina da kowane hunturu suna rage musu kwana, haka batiran da ke riƙe da lambobin saiti. Abin da za a iya cetowa bana da 'yan dubban Nairori, baɗi mai yiwuwa ko da miliyan ba za a same shi ba. Rigakafi dai ya fi magani, kuma duk shugaban da ke da irin wannan kaya a ƙarƙashin kulawarsa, ya kyautu ya sa a buɗe sito a duba kafin ya kira mai sikeli. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar dukiyar jama'a.